Magini a Gindin Ganuwar Visby

Sixten ne sunana, haifaffen Gotland.
Shekara talatin da huɗu ina ɗinke ganuwar Visby
da farar ƙasa da yashi da ruwan bokiti.
Dutse ba ya ƙarya, rowar magana ce da shi;
sai hannunka ya yi kanta kafin ya buɗe maka baki.

Da sassafe nake hawa tsani,
kafin jirgin ruwa ya amayar da baƙi a gaɓa.
Daga can sama jajayen rufin gidaje
sun gangara teku kamar garken da ƙishi ya koro.
Ga majami'u babu rufi,
haƙarƙari a waje, sararin sama ne mayafinsu,
tsuntsaye kaɗai ke zuwa ibada kan lokaci.

Baƙi kan tsaya su tambaye ni:
"Tsoron wa ya sa aka ja wannan katanga?"
Sun zaci ’yan fashin teku kawai.
Nakan ci gaba da kwaɓa ƙasata,
don amsar tana da ƙaya:
har da kakannina aka yi wa ita.
Fatake a ciki, da gishiri da kakin zuma da ma'auni,
manoma a waje, da tumaki da gatari.

Shekara ta dubu da ɗari uku da sittin da ɗaya,
cikin zafin Yuli, rundunar Danmak ta sauka.
Manoma suka fito, har da tsoho mai ɗingishi,
har da yaron da gemu bai san haɓarsa ba.
Suka ja daga a nan, inda motar haya ke juyawa yanzu.
Ƙofa na bayansu.
Ƙofa ba ta buɗe ba.
Aka zuba su rami, wasu da sulkensu,
zafi bai bar lokacin tuɓe wa gawa riga ba.

Ni jikan na waje ne,
ga ni ana biyana in tallafi abin da ya rufe su.
Matata Gunvor ta ce abin dariya ne.
Ni ban taɓa samun inda dariyar take ba,
ban kuma ajiye cokalin gini ba.

Agusta na zuwa gari ya juye.
Likita ya sa rigar buhu, akawu ya rataya takobi,
ana ta sukuwa da mashin katako.
Kayan aro ba ya rufe katara:
ga jarumi cikin sulke yana neman inda zai caja waya.
Jikata Hervor na sayar da wainar shinkafa mai za'afaran
a lungun da wardi ya haye bango,
ciniki ya hana ta ko ɗaga mini hannu.

In kun gama da gari, ku nufi arewa, Fårö,
ku ga duwatsun da teku ya sassaƙa a bakin gaɓa,
tsaitsaye kamar dattawan da suka yi faɗa
kowa ya juya wa ɗan'uwansa ƙeya.
Ku shiga gidan tarihi ku ga dirhami mai rubutun Larabci
da garma ta tono a gonakinmu;
ya yi tafiyar da ban taɓa yi ba,
ya zo ya kwana shekara dubu ƙarƙashin ciyawa.

Jiya wani dutse ya ɓalle a hannuna.
A cikinsa na ga zanen murjani,
halittar ruwa tun babu Bajamushe, babu Bagote,
babu na ciki balle na waje.
Ashe ganuwar nan tsohon gindin teku ce
da aka koya wa tsayuwa.

Na hure ƙurar, na shafa masa ƙasa,
na mayar da shi gurbinsa, zanen na kallon gonaki.
Sanyi ya kusa, farar ƙasa ba ta son ƙanƙara,
saura mini taku goma sha biyu kafin hasumiya.